Wa Ya Faɗa, Yaushe, A Ina Ya Ji? Darasi Daga Tarihin Marubuta Uku Masu Alaƙa Da Katsina

 

Akwai wani aiki da malaman sakandare kan ba ɗalibai, a nan gida da kuma ƙasashen waje: a zaɓi marubuci guda, a binciko tarihin rayuwarsa da littattafansa, a rubuto shafi biyu ko uku. A makarantun Amurka aikin ya zama ruwan dare, yaro zai ɗauki Mark Twain ko Langston Hughes ya bi diddiginsa. A wurinmu ma malamin Hausa kan fara da tarihin mawallafi kafin a shiga cikin littafin da aka sa a manhaja. Sai dai abin da ya fi yawa a yau shi ne yaro ya ɗauki waya, ko ya tsaya a wani shagon kwamfuta a Ƙofar Kwaya, a zaƙulo masa abin da intanet ta fara kawowa, a buga, ya biya kuɗin takarda ya kai wa malam. An haife shi shekara kaza, ya rubuta kaza da kaza, ya rasu ya bar 'ya'ya kaza. Shi ke nan, an gama bincike.

Bai kamata mu raina wannan aiki ba, domin da yawanmu malamai ne, wasu iyaye ne, wasu kuwa su ne ɗaliban da kansu. Kuma duk mai son ya iya rubutu dole ya san yadda na gabansa suka yi nasu. Abin da nake son mu riƙe shi ne: duk abin da muka sani game da wani marubuci, wani mutum ne ya zauna ya rubuta shi, a wani lokaci, da wata manufa a ransa. Aikin mai bincike shi ne ya gano wannan mutumin, ya auna maganarsa. Zan kawo misali da mutum uku da suka rayu a zamani daban-daban, dukkansu suna da alaƙa da Katsina.

Na farko malami ne. A ƙarni na 17 da na 18 Katsina gari ne na ilimi. Sunan Wali Ɗanmarna da na Wali Ɗanmasani har yau suna bakin mutane, ga unguwar Masanawa, ga maƙabartar Ɗanmarna, ga hasumiyar Gobarau tana nan tsaye. Daga wannan ƙasa aka sami Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya yi suna a ilimin lissafi da taurari da hatimai. Ya bar gida ya tafi aikin Hajji, ya yi wallafe-wallafe a can gabas a farkon shekarun 1730, cikinsu har da Bahjatul Afaƙ da Durrul Manzum. Bai dawo Katsina ba. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan wani malami mai suna Hasan al-Jabarti, wanda ya ba shi masauki.

To, ta yaya labarin ya iso gare mu? Ɗan mai masaukin, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya zama shahararren marubucin tarihin Masar, ya kuma sa taƙaitaccen tarihin wannan Bakatsine a littafinsa Aja'ibul Asar. Abin lura shi ne, sai da aka yi fiye da shekara goma da rasuwar al-Kashnawi sannan aka haifi Abdurrahman. Ke nan bai taɓa ganinsa ba. Abin da ya rubuta ya same shi ne daga gidan mahaifinsa, daga bakin mutane da littattafan da baƙon ya bari. Wannan bai sa a jefar da maganarsa ba, amma mai bincike zai san irin matsayinta: shaidar gidan da mutumin ya rasu ce, mai ƙarfi a kan zamansa na Masar, mai buƙatar tallafi a kan ƙuruciyarsa a ƙasar Hausa.

Irin wannan rubutu na tarihin malamai tsohuwar al'ada ce a yankinmu. Ahmad Baba na Timbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya tara tarihin malaman mazhabar Malikiyya a Nailul Ibtihaj, kuma a ciki akwai wanda ya yi alƙalanci a Katsina tun ƙarni na 16. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya yi makamancin haka a Infaƙul Maisuri a 1812, inda ya lissafa malaman ƙasashen nan da abin da suka wallafa. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an ji isnadinta, wato wane ya ji daga wane. Ashe ba sai mun je aron hanyar bincike daga nesa ba. Tambayar "a ina ka ji?" tamu ce tun fil'azal, a makarantar boko ne muka bari ta suɓuce mana.

Na biyu shi ne wanda zai fi ba mai karatu mamaki, domin a cikin adabin Amurka ake lissafa littafinsa. A 1854 an buga wani ƙaramin littafi da Turanci a birnin Detroit, tarihin rayuwar wani mutum mai suna Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Zugu, wato Djougou da ke arewacin Jamhuriyar Benin a yau, kuma littafin ya faɗa ƙarara cewa mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce. Wanda ya san tarihin fatauci ba zai yi mamaki ba. Zugu zango ne a kan hanyar fataken goro da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, kuma littafin ya ambaci kawunsa, maƙerin sarki mai dukiya, wanda ke da gida a Salaga.

An kama Baquaqua yana saurayi aka sayar da shi, aka gangara da shi bakin teku, aka tsallaka da shi zuwa Pernambuco a ƙasar Brazil wajen 1845. Ya yi bauta a hannun wani mai gidan burodi, daga baya aka sayar da shi ga wani kyaftin ɗin jirgin ruwa a Rio de Janeiro. A 1847 jirgin, mai suna Lembrança, ya ɗauko gahawa zuwa New York. A can masu yaƙi da bauta suka kai maganar gaban kotu, aka tsare shi a kurkuku, ya tsere, aka fitar da shi zuwa Haiti. Ya zauna a hannun 'yan mishan, ya shiga addininsu, ya dawo Amurka ya yi karatu a wata kwaleji da ke McGrawville a jihar New York daga 1850 zuwa 1853. Bayan fitowar littafin ya tafi Ingila da niyyar komawa Afirka. Daga 1857 ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ɗalibin da aka ba wannan mutum ya bincika zai iya kwafe abin da na faɗa a sama ya tsaya. Amma ainihin aikin yana gaba. A bangon littafin akwai sunan wani mutum, Samuel Moore, wanda ya tsara shi. Kashin farko yana magana a kan Baquaqua ne kamar wani ke ba da labarinsa, yana bayanin ƙasarsu da al'adunta, sai can gaba murya ta juya ta koma "ni". To wace magana ce ta Baquaqua, wace ce ta Moore? Sannan an buga littafin ne don a tara kuɗin da zai koma Afirka aikin mishan, masu saye kuma Kiristocin Amurka ne masu adawa da bauta. Dole wannan ya shafi abin da aka zaɓa aka faɗa da yadda aka faɗe shi, musamman a kan Musuluncin gidan da ya tashi.

Masana tarihi biyu, Robin Law da Paul Lovejoy, su ne suka zauna suka warware wannan ƙulli, suka sake fitar da littafin da sharhi a 2001. Sun nemo wasiƙun da Baquaqua ya rubuta da kansa, sun duba jaridun lokacin da suka ba da labarin shari'ar New York, sun bi sunayen garuruwa da kalmomin da aka rubuta da kunnen Bature har suka gano asalinsu. Ta haka aka tabbatar cewa "Zoogoo" Zugu ce, "Kashna" kuwa Katsina. Dubi nan da kyau: yaron Katsina da ke jin Hausa, ya san mene ne zango, ya san Gwanja a karin magana, yana da abin da ɗalibin Amurka ba shi da shi idan suka buɗe wannan littafi tare. Kuma littafin yana nan a intanet kyauta, a rumbun tsofaffin rubuce-rubuce na Jami'ar North Carolina.

Irin matsalar Baquaqua da Moore tana nan a adabinmu na Hausa. Labarin Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth har Turai a 1855, J. F. Schön ne ya rubuta shi daga bakinsa ya buga a Magana Hausa a 1885. Labarin Baba ta Karo Mary Smith ce ta ɗauka ta fitar da Turanci a 1954. Jiki Magayi kuwa suna biyu ne a bangonsa, John Tafida da Rupert East. A kowane ɗaya daga cikinsu, kafin a ce "marubucin ya ce", sai an tambaya: wanne daga ciki?

Wannan ya kawo mu ga na uku, wanda kowa ya sani, Alhaji Abubakar Imam. An haife shi a Kagara a 1911. Ya zo Katsina wurin wansa Malam Bello Kagara, ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya gama a 1932, ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ita wannan kwaleji an buɗe ta a farkon shekarun 1920, ta koma Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Biyu daga ciki wa da ƙane ne mazauna Katsina, na uku kuma tsohon ɗalibin kwalejinta ne. Imam yana da shekara 22 a lokacin.

Waɗannan su ne abin da ake haddacewa. Ga abin da bincike ke ƙarawa. Kagara tana yankin Kwantagora ne, ƙasar da Turawa suka ci da yaƙi a 1901 zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Bello Kagara yana yaro mai wayo aka yi wannan, shi ya sa Ganɗoki ya buɗe da yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa. Ƙanensa bai ga yaƙin ba, amma jarumin Ruwan Bagaja, Alhaji Imam, daga Kwantagora ya fita neman ruwan. Mutum biyu suna zaune a Katsina, alƙalaminsu yana komawa gida. Wanda ya haddace "an haife shi a Kagara" bai haɗa shi da littafin ba, ya riƙe makulli ne bai buɗe ƙofa ba.

Haka nan batun inda labaran suka fito. Imam da kansa ya bayyana cewa dabarar haɗa mutum biyu masu yi wa juna wayo, wato Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ya ɗauko ta ne daga Maƙamatul Hariri da ake karantawa a zaure. Da East ya kira shi Zariya a 1936 don rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939, an tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiya da Turai ya duba. Shi kansa tsarin aku mai ba da labari dare bayan dare don ya hana mutum fita yana da tsohon tarihi a adabin Indiya da Farisa. Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi labaran ɗaya bayan ɗaya sun nuna tushensu. Wasu masoyan Imam ba su ji daɗin wannan ba, suna ganin kamar an rage masa daraja. A ganina babu darasin da ya fi wannan amfani ga mai koyon rubutu. Ɗauki labari guda, ka ajiye shi kusa da tushensa, ka ga abin da Imam ya cire, abin da ya ƙara, yadda ya sa wa baƙon labari riga da hula har ya zama ɗan gari. Kirari ba zai koya maka wannan ba.

Me ya sa muka san Imam fiye da sauran? Domin ya bar sawu a takarda. Shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a Janairun 1939, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan zuwansa Ingila a 1943, kuma bayan rasuwarsa a 1981 Abdurrahman Mora ya tsara tarihinsa aka buga a 1989. Ibrahim Yaro Yahaya ma ya tattara tarihin rubuce-rubucen Hausa a littafinsa Hausa A Rubuce a 1988. Kwatanta wannan da ɗan abin da ɗalibi zai iya samu a kan Muhammadu Gwarzo ko John Tafida, waɗanda suka shiga gasa ɗaya da shi. Bambancin ba na baiwa kaɗai ba ne, na wanda aka rubuta da wanda ba a rubuta ba ne.

Kada kuma mu ɗauka duk abin da aka buga, ko aka sassaƙa a dutse, ya zama gaskiya. Marubuciyar Amurka Zora Neale Hurston ta rasu a 1960 cikin talauci, aka binne ta a kabarin da ba shi da alama. A 1973 Alice Walker ta je Florida ta nemi wurin ta kafa dutse, aka rubuta cewa an haife ta a 1901. Daga baya takardun ƙidayar jama'a suka nuna 1891 ce. Ita Hurston ɗin da kanta ta rage shekarunta. Idan haka ta faru a ƙasar da ake ajiye takardu, ina ga tamu, inda ake ƙirga haihuwa da shekarar fari ko ta sarautar wane? Ko Sa'adu Zungur, wanda Malam Aminu Kano da Ɗandatti Abdulƙadir duk suka yi rubutu a kan rayuwarsa, za ka ga wasu littattafai sun ce 1914 aka haife shi, wasu 1915. Ɗalibin kirki zai kawo duka biyun, ya faɗi wanda ya ce kowace, ba ya zaɓi wadda ta fara fitowa a waya ba.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. A Katsina akwai Sulaiman Ibrahim Katsina, mai Mallakin Zuciyata da Turmin Danya da Tura Ta Kai Bango. Akwai Umaru Ɗanjuma Katsina, mai wasan Kulɓa Na Ɓarna. Akwai Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa. Bayansu akwai ɗimbin maza da mata da suka cika kasuwa da littattafai daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa farkon wannan ƙarni. Da yawa daga littattafan nan an buga su ba shekara, ba sunan maɗaba'a, a takarda mai saurin lalacewa. Shagunan hayar littafi da ke ajiye su sun ragu, karatu ya koma waya. Wasu marubutan sun riga mu gidan gaskiya, wasu sun tsufa, masu buga musu da masu sayar musu ma haka. Idan ba a tambaye su yanzu ba, nan da shekara talatin mai bincike zai zo ya tarar da suna a bango, babu kowa a bayansa.

Saboda haka ina ba malamai da iyaye da ke cikinmu shawara su sauya fasalin aikin da ake ba yara. Na ɗaya, yaro ya karanta aƙalla littafi guda na marubucin daga farko har ƙarshe kafin ya nemi tarihinsa. Na biyu, duk shekara ko labarin da ya rubuta, ya faɗi inda ya samo, kuma ya nemi wuri na biyu da ya tabbatar. Na uku, ya duba bangon littafin da shafin farko: wa ya buga, yaushe, bugu na nawa, akwai gabatarwa ko sadaukarwa? Na huɗu, idan marubucin yana raye ko iyalinsa suna kusa, a nemi izini a je da dattijo a gaishe su, a yi hira, a rubuta ranar da wurin da sunan wanda ya yi magana. Na biyar, ya nuna abu guda a rayuwar marubucin da ya bayyana a cikin littafin, kamar yadda Kwantagora ta bayyana a Ganɗoki.

Wurin nema bai yi nisa ba. Daga Ƙofar Kwaya kuɗin Keke Napep ya isa ya kai yaro ɗakin karatu na jiha ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ga kuma malaman Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Mai son zurfafawa akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar tsofaffin takardu ta ƙasa, duk a Kaduna. Mu kuma da muke rubutu yau, mu sauƙaƙa wa na baya: mu sa shekara da gari a duk abin da muka fitar, ko da a waya ne, mu ajiye rubutun farko, mu rubuta sunan wanda ya gyara mana da wanda muka koya a wurinsa.

Ga ɗan aikin wannan mako ga mai hali. Kowa ya zaɓi marubuci guda na garinsu wanda ba a cika ambatonsa ba, ya samo abu uku tabbatattu a kansa, kowanne da inda aka ji shi, ya kawo mu ƙaru da juna.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.